Shekarar da Agusta Ya Yi Kwana Talatin da Biyu

Zakeo Mudzengi ba manomi ba ne, bai kuma taɓa cewa shi manomi ne ba. Shekara ashirin da tara ya yi yana dakon burodi a keke. Motar gidan burodi takan taso daga garin Chivhu ta sauke kaya a mararraba da asuba, shi kuma ya ɗaure tire shida na katako a bayan kekensa, ya zaga da su kantunan ƙauyuka huɗu, ya dawo ƙauyenmu Rupinda kafin rana ta take. Siriri ne mai faɗin kunnuwa. Ba shi da yawan magana, in ma ya yi ta ba ta cika daɗi ba. Karatunsa aji huɗu ne, bai taɓa riƙe wani muƙami a coci ba, kuma da ba don abin da ya faru a lambun mata ba, da yanzu ba mai tuna shi sai 'ya'yansa biyu da ke birni.

Abin da aikin ya koya masa shi ne sanyi. A ƙasarmu daga Mayu zuwa Agusta ne lokacin sanyi. Rana takan yi zafinta da tsaka, amma da asuba sai chando ya sauka, raɓar nan da ke daskarewa ta yi fari fat a kan ciyawa. Kabeji da ganyen miya ba ruwansu da shi. Tumatir kuwa kwana ɗaya ya ishe shi: da sassafe ka gan shi tsaye kamar ba abin da ya faru, kafin hantsi ya yi baƙi ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa.

Hanyar Zakeo tana hawa tudu tana gangara fadama har sau uku, don haka ya gane cewa sanyi ba ya zama daidai a ko'ina. A kan tudu kunnuwansa ne kawai ke jin jiki. Da ya gangaro kwalbatin da ke bakin fadamarmu sai yatsunsa su ƙage a kan birki. Yakan ce sanyi halin ruwa gare shi, gangara yake yi ya nemi kwari ya kwanta, in ya sami abin da ya tare shi sai ya taru. Safar hannu ba ta cikin abin da albashinsa ke saye, tsofaffin safar ƙafa yake zurawa a hannu. Yara suna yi masa dariya, bai taɓa waiwayarsu ba.

Matarsa Raviro tana da kwami huɗu a lambun mata da ke gefen fadama. Kowace shekara ita ce ta ƙarshen dasa tumatir, kuma kusan kowace shekara nata ne ke tsira. Wasu suka ce hannu gare ta, wasu suka ce wani abu ne kakarta ta bar mata. Ba ko ɗaya. Hannun mijinta take kallo. Muddin ya fita da safa a hannu, dashenta yana nan a bayan ɗakin girki. Ranar da ya rataye safar a ƙusa ya fita haka nan, sai ta ƙara kwana uku ta dasa. Ita ce ma ta sa shi rubutawa: in Oktoba ya kama an tabbata sanyi ya wuce, sai ya ɗauki ƙusa ya karce ranar da ya ga chando na ƙarshe a bayan wani tsohon tire. Ba ɓoyewa ta yi ba. Ba a tambaye ta ba ne, kuma da ta faɗa, wa zai yarda cewa dabarar a tsohuwar safa take?

Gidan burodi ya sayi ƙaramar mota mai kaiwa kantuna da kanta, aka sallami Zakeo, aka bar masa keken da tirensa. Bayan shekara biyu Raviro ta kwanta mako uku a watan Afrilu, ta rasu.

A al'adar lambun, kwamin mamaciya 'yarta ke gada ko matar ɗanta. Ba ko ɗaya a gari. Sai ga Zakeo wata safiya da fartanyar matarsa a kafaɗa da garwarta a hannu, namiji ɗaya cikin mata ashirin da biyar. Ba yunwa ce ta kawo shi ba, 'ya'yansa na aiko masa. Amma mutumin da ya yi shekara talatin yana tashi da asuba, in aka raba shi da wurin zuwa, zama zai yi ya bi matarsa. Shi ya san haka, mu ma mun sani. Shugabar lambun ita ce Keresenzia, ƙanwar Raviro, wadda akwai wasa tsakaninta da shi tun tana budurwa: tana ce masa Babamukuru, wato mijin yaya, yana ce mata Mainini, wato ƙanwar mata. Ta ce a bar shi ya gwada shekara ɗaya.

Abu biyu sababbi ya tarar. Na farko, an faɗaɗa lambun ya gangara har bakin rijiya, aka kewaye shi da dangar ciyawa mai kauri da ta fi mutum tsayi, saboda awaki da iska. Na biyu, an yi magana da wani ɗan kasuwa zai zo da babbar mota farkon Nuwamba ya kwashe tumatir gaba ɗaya, kafin ruwan sama ya ɓata shi. Don kowa ya nuna tare, aka kafa doka: ranar sha biyar ga Agusta, duk kwamin da ba tumatir a cikinsa za a ba wadda ke gaba a layi. Mata goma sha ɗaya ke jira. Dokar ba ta mugunta ba ce.

Agustan shekarar kuma ya shigo da zafi. Tun makon farko mata suka tuge ganyen sanyi suka dasa. Zakeo ya yi kaftu, ya zuba taki, yana ba ƙasa ruwa kullum, amma ko ganye ɗaya bai sa ba. Dashensa yana gida cikin tiren burodi, ya fito da shi rana da hantsi, ya mayar ɗakin girki da yamma.

Ranar sha biyu Keresenzia ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Babamukuru, me ka shuka a nan? Iska?"

"Haƙuri na shuka, Mainini. Bai tsiro ba tukuna."

"To ranar sha biyar zan zo girbi. Ku dubi mutum don Allah, rana na dafa ƙwai, shi da safa rataye a wuya."

"Ke da hantsi kike fitowa. Ki zo kwalbati da asuba, sannan ki yi mini bayani."

"In bar bargona in bi tsoho kwalbati da asuba? Me mutanen gari za su ce?"

"Za su ce kin yi dace a ƙarshe."

Matan da ke kusa suka kwashe da dariya. Keresenzia ta kai masa duka da hular kabarta, sannan ta sunkuya kamar mai duba taki, ta rage murya.

"Dasa ko guda ashirin, raunanan ciki, don idon mutane. In sun mutu sun mutu. Kada ka sa ni in karɓe kwamin yayata da hannuna."

"Ban rene su don in kai su yanka ba," in ji shi.

"Kai dai taurin kai zai kashe ka."

"Bai kashe ni ba a kan keke."

Ranar sha biyar aka taru a ƙarƙashin ɓaure. Zakeo ya zo da tsohon tiren nan, ya kife shi a tsakiyar mata, ya ce a karanta. Aka karanta. Shekara talatin da ɗaya ne a jere, wasu layukan sun dushe sai an shafa yawu. A cikinsu sau ashirin chando ya sauka bayan sha biyar ga Agusta. Mafi nisa huɗu ga Satumba.

Wata daga baya ta kira shi yadda ake kiran dattijo, ta ce, "Sekuru, wancan zamanin ne. Yanzu duniya ta ɗau zafi. Shekara uku ke nan ba mu ga chando bayan goma ga wata ba."

"Gaskiyarki. Su ma na rubuta su, ga su nan a ƙasa."

"To?"

"To bana yatsuna ba su yarda ba."

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Bai jira ta lafa ba ya ƙara da cewa dangar nan ta ƙasa madatsa ce. Sanyin da a da yake gangarawa ya wuce rijiya ya bi fadama, yanzu zai zo ya tarar da bango ya kwanta a kan tumatir. Ya ce a yanka masa ƙofa.

"Wa za a yanka wa ƙofa?" in ji wata.

"Sanyin."

"Awaki fa? Ko su ma za ka rubuta musu a tire kada su shiga?"

"Awaki a garke suke kwana. A buɗe da yamma, a rufe da safe."

Ba wadda ta goyi bayansa. Mako uku matan suka yi suna yankan ciyawar dangar nan, ba su shirya huda ta don maganar ɗan dakon burodi ba. Aka yanke hukunci: kwami biyu za a karɓa nan take a ba Shupikai, wadda ke kan gaba a layi. Sauran biyun an ba shi zuwa ƙarshen wata. In chando bai sauka ba kafin nan, su ma sun tafi.

Shupikai yarinya ce a lokacin, da 'ya'ya uku, mijinta ya tsallaka iyaka neman aiki ya yi shiru. Da aka watse Zakeo ya same ta ya ce ta jira.

"Sekuru, shekara biyu nake layi," ta ce, idonta a ƙasa. "In na jira aka karɓe, me zan gaya wa yara?"

Ya nuna mata inda Raviro ke tara taki, ya ce ta ɗiba. Washegari ta dasa.

Daga nan sai jira. Kullum da asuba ya hau keke ya gangara kwalbati, inda yake barin farantin ruwa ya kwana. Kullum ya sa yatsa ya tarar da ruwa, bai daskare ba. Ranar ashirin, ruwa. Ranar ashirin da huɗu, ruwa. Tumatirin mata ya kama ƙasa ya yi kore shar, nasa a tire ya yi tsayi ya siraɗe yana neman faɗuwa. Tire shida ya yayyafa, ya ninka abin da kwaminsa ke ci sau da yawa, don abin da ya ga Raviro na yi ke nan kowace shekara, bai kuma taɓa tambayarta dalili ba. Yanzu kullum sai ya yi sahu goma sha biyu yana fitarwa yana mayarwa, bayansa na ƙara. In ya shiga lambu ba ruwa sai wata ta ɗaga murya, "Sekuru, yaya baƙon naka? Ko motarsa ce ta lalace a hanya?" Yakan ce yana tafe. Amma a ransa ya fara tunanin ko yatsun ne suka tsufa, suke jin sanyin da babu shi.

Ranar talatin da ɗaya ya sa yatsa a faranti, ya tarar da ruwa. Ya zubar da shi, ya sake cikawa don ya saba, ya wuce lambu. A kan kowane kwami akwai turke mai sunan mai shi da fenti. Nasa biyun har yanzu sunan Raviro ke jiki. Ya tuge su, ya kakkaɓe ƙasar, ya kai wa Keresenzia har gida.

Tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi turakun, ta dube shi. Ranar ba ta yi wasa ba.

"Jingine su can," ta ce.

Ya jingine su, ya tafi.

Da tsakar ranar nan iska ta juya ta taso daga kudu, da gajimare mai toka-toka ƙasa-ƙasa. Mata suka jawo mayafi. Wajen la'asar gajimaren ya yaye, iskar ta ɗauke ɗif, sama ta yi tas kamar an wanke. Zakeo yana zaune a ƙofar ɗakinsa ya ga hayaƙin girkin maƙwabta bai tashi sama ba, ya kwanta yana bin gangare zuwa fadama. Ya daɗe yana kallonsa. Ba shi da kwami ko ɗaya a lambun, ba kuma wanda zai zarge shi in ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Ya ɗauko safa ya zura, ya hau keke.

Gida gida ya bi. "A fito a ba tumatir ruwa, a rufe shi. Yau ne." Wasu suka ce, "Haba Sekuru, wata ya ƙare, je ka huta." Wata ta ce sadza, tuwon masararta, tana kan wuta, ba za ta bar ta ta ƙone don mafarkin tsoho ba. Mata tara ne suka fito, da buhuna da tsofaffin zannuwa da dammunan ciyawa. Shupikai ta zo da goyo ba abin rufi, sai ya koma gida ya kwaso bargunan Raviro biyu ya shimfiɗa mata a kan 'yan sanduna.

Ana cikin haka sai ga Keresenzia da lauje. Ta wuce ƙasan lambu ta fara yanke igiyar danga.

"Nan ne, ko in matsa?"

"Matsa hagu, inda ruwa ke bi da damina."

"In awaki suka shiga, kai zan dafa a madadinsu."

"Ba nama a jikina, Mainini. Sai dai ki sha romo."

Ta buɗe wuri mai faɗin taku uku. Kafin rana ta faɗi kowa ya koma gida.

Da asuba ruwan farantin ya zama dutse. Zakeo ya ɓamɓaro shi ɗungurungum, ya ɗaga yana kallon hasken gabas ta cikinsa, yatsunsa na zogi. Fadama ta yi fari tun daga kwalbati har rijiya. Kafin hantsi aka ga aikin. Kwamin da ke ƙasa waɗanda ba a rufe ba sun yi baƙi ƙirin, in ban da na saitin ƙofar nan da suka ɗan sha da sauƙi. Waɗanda aka rufe bakin ganye ne kawai ya ƙone. Mata goma sha huɗu ba su tsira da komai ba. Na Shupikai yana nan a ƙarƙashin bargo, kore.

Ba zan ce bai yi gori ba. Ya yi, har sau biyu, ya kuma nemi wadda ta tambaye shi motar baƙo ya gaya mata ta iso lafiya. Sannan ya juya keke ya tafi gida. Jim kaɗan sai ga shi yana turo shi a ƙasa, tire shida ɗaure a baya kamar zamanin burodi, dashe na rangaji a kai. Nan ne ya gane abin da Raviro ke yi da ragowar dashenta duk shekarun nan, da dalilin da ya sa mata suka cika gidansa ranar jana'izarta har ba wurin zama.

"Kowa ta ɗiba," ya ce. "Amma kada kowa ta sa shi a ƙasa kafin biyar ga wata. Wadda ta ƙi ji, kada ta zo mini da kuka, na ƙare."

Ana cikin rabo Keresenzia ta iso da turaku biyu a hammata. Ta wuce kai tsaye ta kafa su inda suke, ta taka da diddige.

Wata ta yi gyaran murya. "Shugaba, ba don komai ba, amma ƙarshen wata muka ce. Yau ɗaya ga Satumba."

"In ji wa?"

"In ji kalanda."

"Kalanda ce shugabar lambun nan ko ni? Bana Agusta kwana talatin da biyu ne. Wadda ba ta yarda ba ta ɗaga hannu, amma ta fara ajiye dashen da ke hannun."

Aka dubi juna. Kowane hannu da tumatirin Zakeo a ciki. Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Matar da ke bin Shupikai a layi, wadda ta riga ta sa rai, aka yanka mata sabon wuri a saman lambu a makon nan, kowa ta ba da rana ɗaya ta kaftu.

Zakeo ya cire safar hannunsa, ya rusuna, ya tafa hannu a hankali irin tafin godiya na maza.

"Na gode, iyayena. Na gode, Mainini."

"Tashi ka ba mutane wuri, kafin gwiwar ta ƙage mu rasa mai ɗaga ka."

Tumatirin shekarar ya makara da mako uku. Ɗan kasuwa ya yi ta ƙorafi, ya saya da arha, amma ya sami abin saya, mu ma mun sami na miya. Aka gyara doka: saman lambu a dasa daga ashirin ga Agusta, ƙasa kuwa sai biyar ga Satumba, ko ranar da Zakeo ya rataye safa, duk wanda ya riga.

Shekara bakwai ya ƙara yi a lambun. Ba kullum yake daidai ba. Akwai shekarar da ya tsare mu har Satumba chando bai leƙo ba, mutanen ƙauyen gaba suka riga mu kasuwa, mata suka wanke shi tas. Ya saurara har suka gama, ya je ya karce ranar gaskiya a tire. Bai taɓa neman kwami biyun da aka ba Shupikai ba, ko da wasa. Tumatirinsa ma, a faɗi gaskiya, bai taɓa kai na matarsa kyau ba, yana cika masa ruwa. Ya rasu a watan Yuni, cikin tsakiyar sanyi, bayan ya dawo daga kwalbati ya ce ƙirjinsa na masa nauyi.

'Ya'yansa suka tafi da keken. Tiren kuwa Keresenzia ta hana, ta ce kayan lambu ne. Yana wurin Shupikai yanzu, ita ke kai faranti kwalbati, bayan tiren ya cika har ta shiga na biyu. Ta ce kwanakin suna matsowa baya a hankali, amma duk bayan 'yan shekaru sai chando ya yi irin halinsa, don haka ba ta yarda a taɓa dokar ba. Ƙofar ƙasan danga an yi mata murfi na kara, akwai kuma mai buɗe ta kowace yamma daga Mayu zuwa Satumba, bi da bi. Matan da suka shigo daga baya ba su san Zakeo ba. In sun tambaya me ya sa ake buɗe wa sanyi ƙofa, sai a miƙa musu tiren a ce su kife shi su karanta.